Yadda Mailafiya Ya Liƙe Injin Dillalai a Rumbu

Mailafiya taubashina ne, babansa da uwata ciki ɗaya, saboda haka duk abin da na faɗa a kansa halal ɗina ne. Ni Falalu ne, dillalin raƙuma a kasuwar Tanut shekara ashirin da ɗoriya. Shi kuwa sana'arsa ita ce ya taɓa zuwa Yamai. Wata bakwai ya yi can yana planto a wani ofis, wato mai kai takarda daga wannan tebur zuwa wancan, ya dawo mana da tabarau da jakar hannu da baki. Tabarau ya fashe, jaka ta yage, bakin nan kuwa yana nan garau.

Mu dillalai muna da littafi guda da muke ji da shi, littafin alamu. Duk gidan da ke da raƙuma a Damargu, daga Tanut zuwa Tenhya da Tarka da Belbeji, yana da alamar wuta da yake ɗora wa dabbarsa a wuya, kuma alamar tana zane a littafin tare da sunan gidan. In taguwa ta ɓace ta ɓulla a hannun wani, ba a tsaya rantse-rantse. A buɗe littafi, a duba wuyan dabba, magana ta ƙare.

Bara wani furoje, irin ayyukan nan na ƙungiyoyin taimako, ya zo ya ɗauki hoton kowane shafi, ya zuba a cikin wani baƙin inji mai girman akwatin kaya. Suka ce daga yanzu dillali yana zaune a Belbeji zai duba alama a wayarsa, da sharaɗin mu samar wa injin masauki: wuri mai sanyi, wutar da ba ta yankewa, da igiyar fibir da ke kai magana nesa. Suka hau motarsu suka tafi. Inji ya zauna a zauren Alhaji Ila, sarkin dillalanmu, ana ɗora masa tiren shayi.

Da bazara ta kama, kamfani biyu suka turo mutanensu don su karɓi ajiyar. Na Yamai ya turo wani mai kwat da tarin takardu. Na Damagaram ya turo wata injiniya, Zuhaira, yarinya mai magana a hankali. Muka taru a zauren Alhaji. Mai kwat ya yi rabin awa yana bayani da Faransanci, dattawa suna gyangyaɗi. Da aka zo kan Zuhaira sai ta gaishe su ta ce, “Baba, abin nan kun riga kun san shi. Kamar yadda kuke ba makiyayi dabba ne. Inji naku ne, mabuɗin kejinsa a hannunku. Namu inuwa da ruwa da gadi.”

Alhaji Ila ya gyara zama, don an zo fagensa. “To ƴata, rijiyarki nawa?”

“Biyu, Baba. Igiya ɗaya ta gabas take shigo mana, ɗaya ta yamma. In an sare ɗaya, ɗayar tana aiki.”

“In kuran ya ɗauke, wuta ta tafi fa?”

“Muna da gurup biyu, wato janareta, da batir mai riƙe wuta kafin su tashi.”

“In dabbata ta kwanta ciwo, wa zan kira?”

“Ni za ka kira. Sau da yawa ma ni zan riga ka.”

“In wata rana na ce a ba ni abina?”

“Ka zo da mabuɗinka ka ɗauka.”

Alhaji ya juya ga mai kwat ya yi masa tambayoyin nan, kowace amsarta ɗaya: duk yana cikin takarda. Da aka tambaye shi nisan gidansu, ya ce kwana biyu a mota. Alhaji ya ce shi bai taɓa ba da kiwo inda sai ya yi guzuri kafin ya ga dabbarsa ba. Magana ta kusa ƙarewa a kan Damagaram, har an fara zuba shayi na uku, sai Mailafiya ya miƙe.

“Ranka ya daɗe, ni kunya ce ta kama ni,” in ji shi. “Alamun kakanninmu za mu kwasa mu kai ɗakin baƙi? Gobe a wayi gari kowane ɓarawon raƙumi a Damagaram ya haddace alamar gidanku? Wannan inji ba baƙona ba ne. Wata bakwai na zauna da irinsa a Yamai.”

Na ce, “A bakin ƙofarsu ka zauna, bawana.”

“Ƙofar ma ba kowa ake bari ya zauna ba.”

Zuhaira ta ce, “Malam, ba wanda zai ga abin da ke ciki sai wanda kuka ba izini. Kuma zafin Tanut fa? Injin nan da numfashi yake rayuwa, yana son iska mai sanyi.”

Mailafiya ya yi murmushin tausayi. “Madam, kin taɓa shiga rumbu? Gero yana shekara uku a rumbun Damargu ya fito kamar jiya aka sussuke shi. Ba kilim mai hura sanyi, ba gurup, ba takarda. Abin da ya riƙe abincin kakanninmu ne zai kasa riƙe akwati ɗaya?”

Nan ya kama dattawa a wuya. A Damargu kana iya zagin mutum ya haƙura, amma ba ka raina rumbunsa. Kawuna suka shiga gyaɗawa. Alhaji Ila ya duba hagu ya duba dama, ya ga ba shi da jama'a, ya ce to a gwada ɗan gida. Zuhaira ta ajiye lambarta a kan tabarma ta yi sallama. Kafin la'asar Mailafiya ya ɗora inji a amalanken jaki, ya haɗa da littafin alamu a jakar fatarsa, wai don ya gwada hoto da asali.

Kwana biyu da haka, ranar kasuwa, sai ga Inna Asibi daga Tarka. Tsohuwa ce, mijinta ya rasu, abin da ya bar mata a duniya taguwa ɗaya ce. Nononta take sha, ita ke ɗauko mata ruwa, ga ta kuma da ciki. Ta ɓace tun kaka. Inna ta bi kasuwa-kasuwa da ƙafa har ta gan ta a Tanut a hannun Safiyanu, wani bafatake mai kai raƙuma arewa. Shi kuma ba ɓarawo ba ne, saya ya yi a hannun wani matafiyi da ya ce alamar ta gidansu ce can nesa.

“Ƙafar hankaka ce da ɗigo biyu,” in ji Inna Asibi. “Alamar gidan mijina. A buɗe littafi.”

Alhaji ya aika a kira Mailafiya. Ya iso yana share gumi, ya ce littafi yana rumbu tare da inji, ba a taɓa ko ɗaya sai an gama jona su. Ya ce a ba shi kasuwa uku, inji da bakinsa zai faɗi mai taguwa a gaban kowa. Dama al'adarmu ke nan, dabbar rigima tana zama a zangon sarkin dillalai kasuwa uku. In ba a kawo hujja ba, wanda take hannunsa ya tafi da ita. Safiyanu ya ce ya yarda, amma ayarinsa ba zai ƙara ko yini ɗaya a kan haka ba.

Inna ta dubi Mailafiya sama da ƙasa ta ce, “Ɗana, littafin da ake buɗewa da yatsa ne zai ci kasuwa uku?”

“Inna, zamani ne.”

Ta shimfiɗa ɗan buhunta a gindin adua kusa da taguwar, ta ce ita a nan za ta jira zamanin.

Aiki ya kankama a gidan Mailafiya. Da farko ya kwashe geron matarsa Radiya daga rumbu ya jibge mata a ɗaki, har sai ta taka dami kafin ta kai gado. Ya aro pano mai zuƙar hasken rana da batirin kamiyo, wato babbar mota, a wurin Nafi'u mai cajin waya, ya zura inji ta bakin rumbu da igiyar guga. Inji ya kama gurnani, ƴan fitilu suna ƙiftawa. Matan unguwa suka yi layi suna kara kunne a jikin rumbu. Wata ta ce kamar amya, wata ta ce a'a, kamar mijinta bayan tuwo.

Don sanyi ya saukar da randa uku ciki, ya rataya jiƙaƙƙun buhuna. Radiya ta tsaya riƙe da ƙugu tana kallon ruwan da ta sayo yana tafiya rumbu.

“Malam, shekara goma sha biyu ina gidan nan, ba ka taɓa jiƙa mini buhu don zafi ba.”

“Ke ai ba ki da alamun Damargu a cikinki.”

“Ina da tuwonka a hannuna dai. Ka tambayi injin ko ya iya tuƙi.”

Danshi ya kira gara. Ɗumi ya kira kaza, ta samu saman inji ta mai da shi akurki. Ɓera kuma ya zo ya ɗanɗana wayar wuta, inji ya mutu rabin yini. Na leƙa na same shi rabinsa a rumbu, ƙafafu a waje, yana faɗa da kaza.

Na ce, “Bawana, kira yarinyar nan ta Damagaram tun da sauran mutunci.”

Muryarsa ta fito daga ciki: “Matsalar tsaro ce kawai. A Yamai ma haka ake fama.”

Maganin da ya samo shi ne wanda kowane manomi ya sani. Ya kori kaza, ya barbaɗa toka, ya zuba ganyen bedi, wato dogon yaro, ya kwaɓa laka da ciyawa ya liƙe bakin rumbu ruf, kamar yadda ake yi wa geron da ba a so a taɓa sai baɗi. Har ɗan ramin da waya ta bi ya toshe da yatsa. Dattawa biyu suka zo suka duba, suka ce liƙin ya yi kyau, ko ƙwaro ba zai shiga ba. Gaskiya suka faɗa, ko iska ba ta shiga ba.

Washegari gurnanin ya ƙaru har ana ji daga rariya. Mailafiya ya ce daɗi yake ji. Rana ta biyu bangon rumbu ya yi zafin da Radiya ta shanya barkono a jikinsa. Rana ta uku inji ya yi tsit. Mailafiya ya kara kunne, ya ɗaga yatsa ya ce, “Ya saba da wuri. Ya natsu.”

A makon nan ne na lura Kadi mai ƙosai ta daina ƙunshi da takardar siminti, ta koma wata takarda mai kauri da ba ta yagewa. Har na yaba mata. Ban duba ba, kuma wannan rashin dubawa yana cina har yau.

Kasuwa ta biyu ta zo, saura fibir. Igiyar tana bin gefen hanyar Agadas a ƙarƙashin ƙasa, da ƴan turakun siminti da ke nuna inda ta bi. Mailafiya ya ce ba sai an roƙi kowa ba, yadda ake jona kuran daga gidan maƙwabci haka ake jona ta. Ya saɓa diga, ya rataya nadin wayar tagulla a kafaɗa, rabin kasuwa ta bi shi a baya. Ya haƙa har ƙugu. Ya tarar da wata jar raga da aka shimfiɗa don gargaɗi, ya ce ado ne, ya yaye. Ya kai ga baƙar igiya mai kaurin sanda, ya karɓi wuƙa a hannun wani mahauci, ya yi bisimilla ya gutsura.

Ciki ba komai sai wasu ƴan zaruruwa kamar gashin jela. Ya ɗaga su sama don kowa ya gani.

“Ku duba. Ko tagulla babu. Da ban tona ba, wa zai sani?”

Nafi'u yana gefe yana waya da wani a Agadas, sai ya ce alo, alo, ya duba wayarsa. Na kusa da shi ya duba tasa. Cikin minti ɗaya duk wanda ke bakin ramin ya ɗaga waya sama kamar masu roƙon ruwa. Rezo ya tafi, daga Tanut har inda ba mu sani ba.

Kwana biyu garin nan ya yi a kurmance. Direbobi suka hau saman kamiyo suna juya waya. Matan da ke jiran kiran ƴaƴansu daga arewa suka yi cincirindo a ƙofar gidan Mailafiya, Radiya ta fito ta ce musu ita ma nemansa take yi, in sun same shi su bar mata nata kason. Jandarma suka riga su. Ya yini a birgad, ofishinsu, sai da Alhaji Ila ya je ya zubar da girmansa kafin aka sake shi, da sharaɗin ya riƙe wa masu gyara laima har su gama. Da ya fito ya gaya wa mutane kumandan ne ya riƙe shi suna shawara. Yini biyu yana tsaye a rana da laima a kan masu ɗinkin zaruruwa, duk wanda ya wuce sai ya ce masa shi ke duba aikin.

Zuhaira tana cikin waɗanda suka zo gyaran. Alhaji ya tambaye ta ko ajiyar mutane ta lalace a wurinsu. Ta ce ko ƙiftawa ba ta yi ba, ɗaya rijiyar ta ɗauka. Alhaji ya daɗe yana shafa gemu.

Na biya ta zango da yamma. Inna Asibi tana nan a gindin adua, ta rame, tana tsince wa taguwar ƙaya a ƙafa. Abincin da ake aiko mata daga gidan Alhaji rabinsa take ci, ta sayar da rabi ta sayo dusa. Taguwar tana ɗora mata kai a kafaɗa, amma wannan ba hujja ba ce a shari'ar dillalai, don raƙumi yana sabo da duk mai ba shi dusa. Ta ce mini, “Falalu, in ta tafi arewa, me zan koma in yi a Tarka?” Raina ya ɓaci ƙwarai, na ji kunyar jinin da ya haɗa ni da Mailafiya.

Ranar kasuwa ta uku Mailafiya ya sa babbar riga. Tun da fibir ta ƙi, ya ce jama'a su zo wurin inji da kansu. Ya shimfiɗa tabarmi a gaban rumbu, ya aro talabijin da za a jona, ya sa mai shela ya zaga gari. Aka jawo taguwa. Alhaji Ila ya zauna a tsakiya, Inna Asibi a dama, Safiyanu a hagu da ƙunshin ƙosansa yana ci a natse, don ayarinsa ya riga ya ɗaure kaya.

Mailafiya ya yi jawabi a kan Yamai, da kakanni, da ranar da Damagaram za ta zo koyon aiki a Tanut. Sannan ya hau tsani da fartanya ya fasa liƙin. Wani tururi ya bugo shi a fuska, da warin ƙonanniyar roba da bedi, har ya kusa faɗowa. Aka zura guga aka jawo inji. Ya yi gumi ya bushe, toka ta kama shi, gefensa ya lanƙwashe. A samansa ga ƙwai huɗu da kaza ta bari. Radiya ta ɗauki ɗaya ta fasa a goshin turmi. Ya dahu sarai.

“Alhamdu lillahi,” in ji ta. “Ashe ya iya girki.”

Mailafiya ya jona waya ya danna. Shiru. Ya hura masa iska, ya buga shi da tafin hannu, ya karanta masa wani abu da Faransanci. Talabijin ta tsaya shuɗiya kamar sararin bazara.

“Rezo ne,” in ji shi.

Nafi'u ya ce, “Rezo ya dawo tun ranar da ka ajiye laima.”

Alhaji Ila ya ce, “Ya isa. Kawo littafi.”

Mailafiya ya duba cikin rumbu kamar mai neman abin da ya san babu. Ya gyara hula. Ya ce ai a Yamai, da zarar an zuba takarda a inji, takardar ta gama aiki, ajiye ta ma ƙazanta ce.

“Ina littafin, Mailafiya?”

Daga bayan taro wata murya ta ce, “In mai bangon fata ne, yana wurina.” Kadi mai ƙosai ce, da matsami a hannu. “Shi ya kawo mini, ya ce in yi ƙunshi. Takarda ce mai kyau, Alhaji, ba ta shan mai da yawa.”

Inna Asibi ta zauna daɓas a ƙasa. Safiyanu ya miƙe ya ce shi ya cika alkawari, a kwance masa dabba. Alhaji ya ce rana ba ta faɗi ba tukuna, kasuwa ta uku tana nan har la'asar. Sannan ya juya ga Kadi ya tambaye ta saura nawa.

“Daga farko nake yagowa, a jere,” in ji ta. “Tanut ta ƙare tun makon jiya. Tenhya ta tafi da fanke. Belbeji tana nan ban taɓa ba. Yau da safe na shiga Tarka.”

Alhaji ya ce da mai shela, “Zaga. Duk wanda ya ci ƙosan Kadi yau ya kawo takardarsa.”

Abin da ya biyo baya sai wanda ya gani. Manyan mutane da rawani suna tonon juji. Wani direba ya zaro shafi daga ƙarƙashin kujerarsa. Wata mata ta kawo nata da ta riga ta ƙunsa daddawa. Liman ya aiko da biyu, da saƙon cewa ɗaya na baƙonsa ne. Aka ga akuyar Radiya tana tauna wani abu fari, mutum shida suka bi ta, ta haɗiye kafin su kai. Duk shafin da aka kawo sai Alhaji ya ɗaga shi a rana, ya girgiza kai. Ga alamun Tarka suna ta fitowa, ƙafar hankaka ba ta fito ba. Inuwar rumbu tana ta tsawo.

Mailafiya kuwa, da ya ga shafuka suna taruwa, sai ransa ya dawo. Ya ce da na kusa da shi, “Kun gani? Wannan shi ne ajiya a wurare da yawa. Da wuri ɗaya na bar shi, da gobara ɗaya ta isa.”

Na ce, “Bawana, in ka ƙara kalma ɗaya, da kai za mu liƙe rumbun.”

Ladan ya fara gyaran murya don kiran la'asar. Safiyanu ya cinye ƙosansa na ƙarshe, ya ɗaga takardar zai goge hannu. Ina tsaye a bayansa, rana tana gabansa, mai ya sa takardar ta zama kamar gilashi. Na ga zane ta baya. Shi ma ya gani. Hannunsa ya tsaya. Da ya dunƙule ta ya jefa a aljihu, ba wanda zai ce masa komai sai ni, ni ma ban tabbata ba. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya warware ta a kan gwiwarsa, ya miƙa wa Alhaji da hannu biyu.

Ƙafar hankaka da ɗigo biyu, ga sunan gidan mijin Inna a ƙasa, da da'irar mai a kansa. Alhaji ya kai takardar wuyan taguwa ya gwada, ya ce magana ta ƙare. Safiyanu da kansa ya kwance akala ya sa a hannun tsohuwa, ya ce zai nemi wanda ya sayar masa, wannan shari'ar wata rana ce. Inna ba ta yi guɗa ba. Ta kifa fuskarta a wuyan dabbar ta yi kuka, mu ma da yawa muka duƙar da kai.

A gaban taron nan Alhaji Ila ya zaro lambar da aka bari a kan tabarma ya kira Zuhaira. Ya ce, “Ƴata, muna da kiwo, sai dai dabbar ta zo a yayyage.” Hukuncin Mailafiya kuma shi ne ya bi gida-gida, da jakar fatar nan a wuya, ya tattaro Tanut da Tenhya. Wata guda ya yi yana sallama a ƙofofi yana tambayar mata ko sun ci fanke. Injin furoje bai tashi ba. Zuhaira ta sake ɗaukar hoton abin da aka samu, da mai da daddawa da komai, ta ba mu wuri a injinsu na Damagaram.

Shafi goma sha ɗaya ba su dawo ba. Alhaji ya ce kowane gida da shafinsa ya ɓata ya kawo dattijo ɗaya wanda ba ɗan gidan ba, ya zana alamar da ka, a rubuta sabo. Gida goma suka kawo nasu cikin mako. Na sha ɗaya gidan su Mailafiya ne. Raƙumansu huɗu suna kiwo wajen Tenhya, kuma muddin ba shafi, duk wanda ya kama su nasa ne. Aka ce ya fara zana alamar kakansa a gani, ya zana ta a kife. Ya bi dattawan Tanut ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce idonsa ya yi rauni. Ya zo wurina, na ce ni ɗan gida ne, kuma ko ba haka ba sai na duba rumbu tukuna.

Kasuwa uku aka ba shi, shi ma. A ta ukun yana tsugune a zango, babbar rigar ta yi datti, ba mai kula shi. Sai ga Inna Asibi ta shigo da taguwarta, ɗan raƙumi yana bin su da dogayen ƙafafu. Ta ji abin da ake ciki. Ta ɗaure akala, ta durƙusa a gaban Alhaji, ta share ƙasa da tafin hannu, ta sa yatsa ta zana alama: baka, da sanda a tsakiyarsa. Dattawan da idonsu ya yi rauni duk suka ce ita ce.

Mailafiya ya fara cewa, “Inna, ai dama na san—”

“Ba don kai ba,” in ji ta. “Shekarar da ruwa ya ƙi, kakanka ya bar mu muka shayar a rijiyarsa wata biyu, kuma ban taɓa jin ya ba wani labari ba.”

Ya buɗe baki, na jira, ba abin da ya fito. Nafi'u ya ɗauki hoton zanen aka tura Damagaram. In ka buɗe shafin gidan su Mailafiya a waya yau, ba takarda za ka gani ba. Ƙasar zango ce, da yatsan tsohuwa a gefe.